Na yi istihara sau uku, har yanzu zuciyata biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, ina gaishe ka da duk masu shirya wannan fili. Ina sauraronku ta waya duk ranar da intanet ya yarda, don a inda nake sai mutum ya zagaya bayan tankin ruwa ya ɗaga waya sama kafin saƙo ya fita. Don Allah a sakaya sunana.

Ni ma'aikacin jinya ne, shekaruna 39, da mata da 'ya'ya uku. Tun ƙarshen 2023 nake aiki da wata ƙungiyar agaji a gabashin Chadi, yankin Adre, bakin iyakar Sudan. Malam ya san yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF. Daga Adre zuwa Al-Junaina, babban birnin Darfur ta Yamma, ko kilomita 40 ba a kai ba. Da aka kashe gwamnan jihar, Khamis Abakar, a watan Yunin shekarar, sai jama'a suka kwararo, wasu a ƙafa, wasu a kan jakuna, yawancinsu mata da yara 'yan ƙabilar Masalit. Wasu ma 'yan'uwansu suka tarar, waɗanda suka gudo tun yaƙin Darfur na 2003 suke zaune a sansanonin Farchana da Bredjing, har yaran da aka goyo zuwa nan sun zama iyaye.

Aikina yara masu tamowa. Akwai wani ɗan siririn ma'auni da muke zagaya wa yaro a damtse, mai launi uku, kore da rawaya da ja. In ya gaza santimita 11.5 ya shiga ja ke nan. Wanda yake iya cin abinci mu ba uwarsa ƙullin Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai, ta tafi ta dawo awo. Wanda ya kasa ci, ko ƙafafunsa suka kumbura sosai, sai kwanciya, mu fara da madarar F-75 kaɗan-kaɗan, wani lokaci ta robar hanci, don jikin da ya daɗe da yunwa in aka ɗura masa abinci lokaci guda illa ake yi masa.

Wata mata ta taɓa zuwa mana da yara biyar, biyu ne kawai nata. Sauran ukun na ƙanwarta ne da ba ta tsallako ba. Ƙaramin, da na sa masa ma'auni, sai da na sake awo don ban yarda da idona ba. Kwana tara tana zaune a tabarma gefen gadonsa, duk sanda na wuce na tambaye ta jiki, amsarta ɗaya ce: "Allah karim." Bayan wata biyu ta dawo da shi yana tafiya da ƙafarsa, yana jan igiyar katin wuyana. Ranar na shiga ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa na yi kuka, na ce wa kaina lalle Allah ne ya kawo ni nan. Akwai kuma waɗanda muka lulluɓe da zanen uwarsu kafin asuba, su ba zan ba da labarinsu ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Wata biyar da suka wuce mahaifiyata ta faɗi, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki. Na samu hutun mako biyu na je na dawo. Yanzu ƙanwata da maiɗakina ne ke juya ta, su yi mata wanka, su kai ta gashi asibiti. Hajiya ba ta taɓa buɗe baki ta ce in dawo ba. In mun yi waya, da harshenta da ya yi nauyi, cewa take yi, "Ka riƙe aikin Allah, ina sa maka albarka." Amma ƙanwata ta ce duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta juya ido tana tambaya ko ni ne.

Kwantiragina zai ƙare nan da mako shida, kuma an yi mini tayin ƙarin shekara guda. Tun da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje a farkon 2025 aka rage mu, aikin mutum uku ya koma kan ɗaya. Shugabar sashenmu ba ta ɓoye mini ba, in na tafi da wuya a ɗauki wani a gurbina. Ga damina na ƙaratowa, lokacin da kwaruruka ke cika su datse hanyar birnin Abeche, zazzaɓin cizon sauro da gudawa su haɗu da yunwa a jikin yaro ɗaya.

Na yi istihara sau uku, raka'a biyu da addu'ar kamar yadda ta zo a hadisin Jabir. Ban yi mafarki ba, kuma na san ba sharaɗi ba ne. Abin da ke damuna shi ne natsuwar da ake cewa tana sauka ba ta zauna wuri ɗaya ba. Da rana, ina tsakiyar layin mata, zuciyata cewa take zauna. Da dare, in na kwanta a gidan sauro na tuna hannun Hajiya da ba ya ɗaguwa, sai ta ce tattara kayanka. Wani abokin aikina ya ce alamar zaɓin Allah ita ce sauƙi, tunda tayin ya zo ban nema ba, ƙofar da aka buɗe mini ke nan. Yayana kuwa hadisi ya turo mini, na mutumin da ya nemi izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya ce e, aka ce ya koma ya yi jihadinsa a kansu. Bai ƙara ko kalma ɗaya a saƙon ba.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai, Malam. Ban tabbata don Allah kaɗai nake son zama ba. Albashin nan ya ninka abin da nake samu a da, kuma da shi ake sayen maganin Hajiya, da shi ake biyan kuɗin makarantar yara. Wannan ma da sauƙi, ana iya kiransa lalura. Mai nauyin shi ne ina jin daɗin yadda ake bukatata. Nan in na fito, "hakim, hakim" (wato likita) ake kira ta ko'ina, tsoho ya kama hannuna ya yi ta addu'a. A gida kuwa, da na je hutu, autana ɓuya ya yi a bayan uwarsa, sai a kwana na uku ya yarda na ɗauke shi. Maiɗakina ba ta yi ƙorafi ba, ta dai ce, "Ya saba ganinka a waya ne." Ina tsoron kada a ce gudun wahalar jinyar uwa nake yi, na sa masa rigar taimakon bayin Allah. Ina kuma tsoron in koma, in zauna ba aiki, maganin ya gagara, in riƙa jin labarin sansanin a rediyo.

Malam, yaya mutum yake bambance shiriyar Allah da son zuciyarsa in duka biyun suna nuna masa hanya ɗaya? Albarkar da Hajiya take sa mini da baki, alhali idonta na ƙofa, izini ce da zan dogara da ita, ko kawaici ne irin na uwa wanda ya kamata in gane da kaina? Kuma tunda akwai masu kula da ita, ni kuma kuɗin jinyar ne ke fitowa daga hannuna, na sauke haƙƙinta ko ban sauke ba?

An ce in ba da amsa kafin ƙarshen wata. In da hali a karanta wasiƙar nan kafin lokacin. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya saka da alheri.

Wassalam,
Ɗanka mai sauraro, daga Adre, Jamhuriyar Chadi.