Kafin a sa hannu a kwangilar sabon tauraron ɗan'adam

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka in tofa albarkacin bakina kan wani batu da na san wasu za su ce ina ruwan manomi da shi, wato kwangilolin da gwamnatin tarayya ke bai wa kamfanonin waje na ƙera mata tauraron ɗan'adam da jirage marasa matuƙa, da kula da su bayan an ƙera. Ni tsohon malamin koyar da aikin lantarki ne a makarantar koyon sana'a. Da na yi ritaya na dawo gida yankin Auyo, ina shinkafa da damina, alkama da rani.

Ambaliya ce ta shigar da ni maganar. Duk mazaunin kwarin Haɗeja ya sani, idan madatsun Tiga da Challawa suka cika aka saki ruwa, ya haɗu da na sama, ga kachala ta toshe hanyoyin kogi, to daga Ringim har Auyo da Haɗeja da Kirikasamma da Guri babu mai barci da ido biyu. Mun gani a 2022, shinkafa ta fara fitar da kai ruwa ya shanye ta, mutane suka kwana suna ɗura ƙasa a buhu suna ɗaga jinga. Hoton da aka ɗauko daga sama yana nuna inda ruwa ya kai yau, da inda kachala ta cinye hanya, da gonakin da suka nutse. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa kuɗin sararin samaniya asara ne. A kashe. Abin da ke damuna shi ne yadda ake rubuta takardar kwangilar.

Lokacin magana kuwa yanzu ne. Tauraron sadarwa na NigComSat-1R da aka harba a Disamba 2011 shekara 15 aka yanka masa, wato zuwa 2026. NigeriaSat-2 mai ɗaukar hoto, wanda ya tashi a Agusta 2011, shekara 7 aka ƙiyasta masa, ya daɗe da wuce wa'adinsa. Dole a sayi sababbi, dole wani kamfani ya ci kwangila, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Najeriya ta taɓa yin wannan ciniki ta fuska biyu, kuma kowace akwai abin dubawa. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA a 1999. Tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi, aka harba shi daga Rasha a Satumba 2003. Shekara 5 aka ce zai yi, sai ya yi aiki har 2012, har hotunansa suka taimaka a Amurka lokacin guguwar Katrina a 2005. Amma abin da ya fi burge ni ya zo ne a kwangila ta biyu da wannan kamfani. An sa sharaɗin cewa injiniyoyinmu 26 za su je su zauna a masana'antar, ba don kallo ba, su ƙera nasu tauraron da hannunsu ƙarƙashin kulawar masu gidan. Shi ne NigeriaSat-X, wanda ya tashi rana ɗaya da NigeriaSat-2, kuma ya yi aiki. Wanda ya koyar da yara aikin hannu ya san bambancin yaron da aka nuna wa zanen waya a allo da wanda aka miƙa wa filaya aka ce haɗa. Wanda duk ya sa wannan sharaɗi a takardar, Allah ya saka masa da alheri.

Ɗaya fuskar ita ce NigComSat-1, wanda kamfanin Great Wall na China ya ƙera ya harba a Mayu 2007, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 300. Watanni 18 kacal ya yi, a Nuwamba 2008 faifansa mai tara hasken rana ya samu matsala, wuta ta ɗauke masa, ya mutu. A yi adalci, an yi masa inshora, an kuma ba mu madadinsa ba tare da mun biya kuɗin sabo ba. To amma shekara uku muka yi muna jira, babu abin da za mu iya sai jira, domin ƙira da gwaji da gano abin da ya lalace duk suna hannun wanda ya sayar mana.

Mu a karkara mun san wannan jira. A garinmu an taɓa haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Ɗan kwangila ya zo da yaransa daga birni, suka kafa tanki, suka zura sumo, suka ɗaura akwatin wuta suka garƙame shi da kwaɗo. Aka yi bikin buɗewa da hotuna. Ba a bar mana littafin inji ba, ba a bar zanen wayoyi ba, ko makullin akwatin ba a bari ba. Da inbata ta tsaya, ni da na shekara ina koyar da wannan aiki sai da na tsaya ina kallon akwatin, saboda an ce in an fasa kwaɗon garanti ya tashi. Lambar wayar da aka bari kuwa ba ta shiga. Mata da yara suka koma ɗibar ruwa a kududdufi har sai da dattawa suka ce a fasa, aka samu ɗan fis ne ya ƙone. Tauraro ya fi rijiya tsada nesa ba kusa ba, amma tambayar da za a yi wa ɗan kwangilar iri ɗaya ce: in ka tafi, wa ke riƙe da makulli da zane, wa kuma ka koya wa?

Kada a ɗauka ina ƙin kamfanonin waje ko 'yan kwangila. Ita kanta NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, mafi yawan kuɗinta a hannun 'yan kwangila yake ƙarewa, kuma cibiyarta ta JPL da ke aika na'urori duniyar Mas, jami'ar Caltech ce ke gudanar da ita bisa kwangila. Sai dai su ma sun ɗanɗana kuɗarsu da suka saki jiki. A 1990 sun harba madubin hangen nesa na Hubble, sai bayan ya isa sama aka gane kamfanin da ya goge madubin ya yi kuskure, hukumar kuma ba ta matsa an yi gwajin da zai tona kuskuren tun a ƙasa ba. Sai a Disamba 1993 aka tura 'yan sama jannati suka gyara. Su a lokacin suna da jirgin zuwa gyara. Mu da ba mu da shi, abin da za mu dogara da shi shi ne injiniyanmu da zai tsaya a kan ɗan kwangila tun daga rana ta farko, ya san abin da yake kallo, kuma yana da ikon cewa wannan bai yi ba, a sake, ba tare da wani babba ya kira shi a waya ya ce ya sa hannu ba.

Dokoki ba su muka rasa ba. Akwai dokar bayar da kwangilolin gwamnati ta 2007 da ta kafa hukumar BPP mai sa ido a kan kwangilolin. Akwai umarni na 5 da marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Fabrairu 2018, wanda ya ce a fifita ƙwararrun gida a ayyukan kimiyya da injiniya, in kuma dole sai an ɗauko na waje to a nuna shirin koya wa 'yan ƙasa. Magana ta yi daɗi a takarda. Sai dai sashen da ake kira tallafin fasaha ko kula da inji shi ne wanda ba a karanta mana a rediyo, alhali a nan kuɗi ke zurarewa shekara bayan shekara. Idan kamfani ya sayar maka da inji sannan ya riƙe manhajar da ke tafiyar da shi, da kayan gyara, da izinin taɓa shi, ba saya ka yi ba, haya kake biya. Ni abin da nake so in gani a rubuce shi ne ranar da tallafin zai ƙare, da sunan aikin da ɗan Najeriya zai karɓa daga hannun baƙo a kowace shekara, da kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai namu sun yi aikin su kaɗai a gaban shaidu. Sannan waɗanda aka horar a ba su aikin yi. Hannun da ya ƙera tauraron da ya tashi a 2011, in aka bar shi yana juya fayil a ofis, zai manta, ko kuma wata ƙasa ta ɗauke mai shi.

Haka batun jirage marasa matuƙa. Rundunar sojin sama ta nuna nata jirgin mai suna Gulma a Kaduna a 2013, sannan Tsaigumi a Fabrairu 2018, wanda injiniyoyinta suka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Fotugal. Dokar kwangiloli ta 2007, yadda aka fara kafa ta, ta ware sayayyar tsaro, ba ta hau kanta kai tsaye ba, kuma na yarda akwai sirrin da ba a tallata shi a kasuwa. Amma adadin yaran da aka koya wa aiki, da ko ana iya gyaran jirgin a Kaduna ba tare da jiran wani daga Turai ba, wannan ba sirrin yaƙi ba ne. Kwamitocin majalisa suna iya tambaya. Irin wannan jirgi, ko ƙaninsa mai araha, shi ne zai leƙa mana makwancin tsuntsayen jan-baki a cikin kachala kafin su sauka a gona.

Malam Edita, kai kana da abin da ni ba ni da shi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun gwamnati, kuma wasiƙar jarida ta fi ta manomi nauyi a Abuja. Ka tura wakilinka NASRDA da kamfanin NIGCOMSAT na gwamnati mai kula da tauraron sadarwa, ya nemi sharuɗɗan horarwa da gyara na duk kwangilar da ake shirin bayarwa, ka fassara mana su da Hausa. Ka kuma tambaya mana ta wace hanya hoton tauraro zai riƙa isowa hannun malamin gona a Auyo a watan Agusta, lokacin da ruwa ke tasowa. 'Yan majalisarmu na Jigawa su ma ina fata za su ga wannan shafi.

Na gode.

Naka,
Tsohon malamin lantarki,
daga ƙaramar hukumar Auyo, Jihar Jigawa.