A ba mai neman aiki alli kafin a nemi wasiƙar Fadan coci

Ya Edita,

Gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da shugabannin makarantun Katolika na nan Arewa kan yadda suke ɗaukar malamai. Ni Musulmi ne, amma a makarantar mishan na koyar da lissafi shekara ashirin da 'yan kai har na ajiye aiki, saboda haka maganar ɗan gida ce.

Ranar da na je neman aiki, wata Sista ce, wato mai zaman zuhudu ta Katolika, shugabar makarantar. Ta karɓi takarduna, ko minti ɗaya ba ta yi tana dubawa ba ta danne su da kofin shayi. Ta miƙo mini alli biyu da dasta, ta ce 'yan aji biyu suna da lissafi bayan tara, kuma a kan kaso suka tsaya. Ta je can bayan aji ta zauna a bencin yara, gwiwoyinta na tokarar tebur. Ina cikin zuba wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ita fa ba ta ga dalilin da ɗaya bisa uku zai fi ɗaya bisa huɗu ba, tunda huɗu ta fi uku. Gumi ya karyo mini. Da lemon da ke aljihuna na fita kunya: na ɓare shi na raba mana. Da aka kaɗa ƙararrawa Sista ba ta ce mini uffan ba, yarinyar ta kira ta ce ta maimaita abin da ta gane. Sai a ofis aka taɓo addini, shi ma jimla biyu: in an buga ƙararrawar addu'ar tsakar rana in tsaya cikin natsuwa, ba wanda zai sa ni faɗin kome, ranar Juma'a kuma za a gyara mini jadawali in samu masallaci.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani tsohon ɗalibina da ya zo gida kwanan baya ransa a ɓace. Kirista ne, amma ba Katolika ba. Ya karanta kimiyyar sinadarai, yana da shaidar koyarwa da rajistar TRCN, hukumar da aka kafa tun 1993 don tantance malamai. Ya je wata makarantar Katolika da ba zan kama sunanta ba. Aka tambaye shi katin baftisma, da wasiƙar Fadan cocinsu, wato limaminsu, da takardar aure. Ko ƙofar aji bai gani ba, balle ɗakin gwaje-gwaje. Daga baya ya ji an ba wani da ya zo da wasiƙar wani dattijon coci.

Ban ce makarantar addini ba ta da ikon duba wanda za ta damƙa wa 'ya'yan mutane ba. Mu ma a Islamiyyoyinmu haka muke yi. Kundin dokokin Cocin Katolika na 1983, a sashe na 803, ya ce malamai su kasance masu sahihiyar koyarwa da tsabtar hali, sashe na 805 kuma ya ba Bishop ikon naɗawa ko amincewa da malamin darasin addini, har da cire shi. Wannan babu ja. Amma a gangara kaɗan zuwa sashe na 806, inda aka ɗora wa shugabannin makarantu nauyin tabbatar da cewa karatunsu bai gaza na sauran makarantun yankin ba. Wannan nauyi a wuyan firinsifal yake, kuma wasiƙar Fada ba za ta sauke masa shi ba. Fada ya san mai zuwa coci ranar Lahadi. Ina zai san wanda zai iya riƙe yara hamsin da la'asar, ana zafi, a darasin sinadarai? Hatta takardar da Fadar Vatican ta fitar a 2022 kan makarantun Katolika ta yarda akwai malaman da ba Katolika ba. Abin da ta nema daga gare su shi ne su girmama tafarkin makarantar.

Kuma mu a Kaduna mun ga iyakar takarda. A 2017 malaman firamare 21,780 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu da gwamnatin jiha ta yi musu. An yi ta cece-ku-ce kan adalcin jarrabawar, ni ma ina da ta cewa, amma dai kowannensu da takarda aka ɗauke shi, da yawa kuma da takardar wani babba a samanta.

Sunan da makarantun mishan suka yi a ƙasar nan, tun daga St. John's ta Kaduna da ta koma Kwalejin Rimi bayan gwamnati ta karɓe ta a farkon shekarun 1970, zuwa St. Louis ta Kano da har alhazai ke kai 'ya'yansu mata, a cikin aji suka yi shi. Iyayen da ke biyan kuɗin makaranta da gumin goshi sakamakon WAEC suke kallo.

Roƙona ga firinsifal-firinsifal da ofisoshin ilimi na dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin Bishop: duk wanda ya cika sharaɗin karatu, a sa shi gaban aji na minti arba'in, shugaba da kansa ya zauna a baya, a kira yaro ɗaya a ji abin da ya ɗauka. Bayan nan a yi binciken hali iya son rai, a tuntuɓi inda ya taɓa aiki, a karanta masa dokokin gida. In ya yarda, a faɗa masa albashinsa a rubuce tun ranar, don wannan ma wani ciwo ne da zan bari sai wata wasiƙar.

Naka,
Tsohon malamin lissafi,
Kaduna.