Wasiƙa daga Agege

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali da su Inna. Ya sanyin Zariya? Tun da aka ƙara maka girma ka daina ɗaukar wayar talakawa, to ga takarda, mu ga ta inda za ka zille.

Albishirinka, aikin gonar kifin Alhaji da ke bayan Epe ya tsaya da ƙafarsa! Ka tuna yadda yake tashina tsakar dare wai kyamarori sun ɗauke, ba ya ganin komai a wayarsa? Wurin daji ne da ruwa, sabis ya zo ya tafi yadda ya ga dama. Sai na ɗora masa Starlink, wato faifan da ke kamo intanet daga tauraron ɗan'adam, a kan rufin sito, na haɗa da rauta, wato na'urar raba intanet, mai cin layin waya biyu na kamfanoni daban-daban. Starlink na sa a gaba, tunda kuɗinsa na wata ne tsayayye, data kuwa gwargwadon shanka gwargwadon biyanka. Amma ka san ruwan Legas: in hadari ya yi kauri faifan yakan yanke na ɗan lokaci, nan take layin waya ya karɓa. Ranar Laraba aka tafka ruwa, ina zaune a Agege ina kallon rautar ta sauya hanya ta dawo, Alhaji ko labari bai samu ba. Wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kada rauta ta yarda da sandunan da ke nuna ƙarfin sabis. Ka tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa? Sabis a cike, amma ko banki ba ya buɗewa. Shi ya sa na saita ta tana taɓa wani adireshin intanet na waje bayan kowane 'yan daƙiƙu. In ta ji shiru sau da yawa a jere sai ta sauya, kuma ba ta gaggawar komawa sai hanyar farko ta nutsu, don kada ta yi ta kai-komo. Sannan da layukan wayar da Starlink ɗin da muke biya duk ba sa ba ka adireshin da za a shigo ta waje, don haka rautar gonar ce ke nemo ni da kanta ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar sirri a cikin intanet.

Af, an sa ranar ɗan autan su Hajiya, bayan Babbar Sallah. Ance sai ka zo da kanka, ba aike ba. Tumatir kuma a Mile 12 kada ka tambaya.

Wuta ce ta fi ba ni wahala, domin faifan nan yana shanta ba dare ba rana. Sola da batura suka raba gardama. Sai kuma maigadi, bawan Allah, da ke zare filogi ya sa cajin wayarsa. Na kulle kayan a akwatin ƙarfe, na ja masa soket nasa shi kaɗai, yanzu kowa ya huta.

Wannan asibitin ƙauyenku da ka ce sakamakon gwaji na kwana bai tafi ba, irin haɗin nan ne maganinsa. Ka dubo min wane layi ne ya fi kamawa a can, da ko bishiyoyi sun rufe saman rufin, zan sayo kayan a Computer Village in turo a mota.

Ka gaida Madam da yara.

Naka har kullum,
Mutumin Agege