Zuwa ga Yaya, a kan maganar hotunan nan

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ina gaida Anti da yara, da Baffa da mutanen gidansa.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ma gama magana, ko layi ya yanke ko yara su karɓe. Ka karanta wa Inna wannan da bakinka. Kada ka ba Auta ya karanta, zai tsallake inda ya shafe shi.

Labari ya iso ni cewa an kai wa Inna hotunan da na sa a WhatsApp, an ce mata ina can ina yawon buɗe ido da Turawa, ina watsa kuɗi a duwatsu, ita kuma maganinta ya ƙare. Har an ƙara da cewa na yi budurwa Baturiya. Na san wadda ta kai maganar, ba sai na kira suna ba, Allah ya saka mata. Baturiyar da ke gefena a hoton abokiyar aikina ce a gidan kula da tsofaffi, ta girmi Goggo, jikokinta sun kusa kai Auta. Wallahi Yaya ranar da na ji saƙon muryar Goggo kasa cin abinci na yi.

Ga yadda abin yake. Ranar hutuna ce bayan na fito daga jerin aikin dare. Wani ɗan Ghana da muke aiki tare yana da mota, muka yi karo-karon kuɗin mai, ni kuma na dafa dafa-duka na zuba a kula don kada in sayi komai a can. Duk abin da na kashe, har kuɗin shiga, bai kai ladan aikin rabin yini ba. Wurin sunansa Ingleton, a arewacin Yorkshire a nan Ingila, daga birnin Bradford bai kai tafiyar awa biyu ba.

Kuma ba hutu ba ne yadda suke zato, wahala ce zalla. Hanya ce ta ƙafa wajen kilomita 7, tun 1885 aka buɗe ta. Ka bi gefen wani rafi ka yi ta hawa, ka ratsa tudu cikin tumaki, ka biyo wani rafin ka gangaro. Matakala ba iyaka, ga santsi, ga yayyafi. Tsofaffi masu furfura da sanduna bibbiyu suna wuce ni ina haki. Babbar magangarar ruwan, Thornton Force, daga saman dutse mita 14 ruwan ke faɗowa, ja-ja kamar shayin da ba a sa wa madara ba, wai ƙasar fadamar da yake ratsowa ce ke rina shi. Idan kana kusa ba ka jin maganar na gefenka. A hanyar dawowa akwai wani tsagin dutse mai zurfi da suka ɗora wa ƴar gadar ƙarfe, ka tsaya a kai ka leƙa ruwa yana tafasa can ƙasa cikin duhu. Na leƙa, gwiwoyina suka saki, na yi salati na koma baya.

Ka gaya wa mai kai rahoton akwai masu watsa kuɗi a dajin kam, amma ban da ni. Akwai wani kututturen itace a kwance a bakin hanya, Turawa sun bubbuga masa tsabar kuɗi da dutse har ba ka ganin ɓawonsa, wai neman sa'a. Na tsaya ina kallo ina jinjina kai. Ko sisi ban buga ba.

Hoton da nake sanye da hular kwano, wanda aka ce wai na koma aikin haƙar ma'adinai, a kogon White Scar ne, nan kusa. Kowa sai an ba shi hular saboda akwai inda sai ka duƙa sosai, kuma na ji amfaninta. Mai yi mana jagora ya ce wani ɗalibin jami'ar Cambridge ne ya fara kutsawa ciki a 1923, da rarrafe, ya liƙa kyandir a hularsa. Ciki rani da damina sanyinsa digiri 8 ne, rafi na gudu a ƙarƙashin ƙafarka. Dutsen irin wanda ake haƙa a Ashaka ana yin siminti ne, ruwan sama ke cinsa a hankali shekaru dubbai har ya rarake shi. A can ƙurya akwai wani fili mai tsawon mita 90, rufinsa cike da siraran tsinkayen dutse suna reto, ɗigon ruwa ne ya gina su. Ikon Allah, Yaya.

Amma ina ciki Yankari nake tunawa. Ruwan Wikki namu digiri 31 ne, ka shiga ka ƙi fitowa, nasu kuwa ko yatsa ba ka iya bari a ciki. Kogunan dutse na Marshall guda 59 da ke can Yankari mutane ne suka sassaƙa su da hannu. Na nuna wa abokan aikin hotuna suna ta mamaki. Abin da suka fi mu kawai gyara hanya da kafa alluna. Ga shi nan Alkaleri, a bayan gida, amma Inna ba ta taɓa zuwa ba, ni kuma na zo ƙasar wasu ina leƙa ramuka. Wannan kam ya tsaya mini a rai. In Allah ya dawo da ni lafiya ni zan kai ta.

Maganar kuɗi. Na turo naira 300,000 asusunka, ka duba ka sanar da ni. Ka fara da maganin Inna, na hawan jini da na ƙafa, na wata uku a haɗe, kada a riƙa saye ƙwaya-ƙwaya. Kuɗin makarantar Auta kai za ka biya da kanka ka turo mini hoton rasit. Kada ka ba shi a hannu. A sayi buhun masara a Muda Lawal tun bai ƙara tashi ba. Abin da ya rage a buga bulo a ajiye a filin. In wani ya zo da maganar rance, ka ce ni na hana.

Na so ya fi haka, amma haya da wuta da gas sun taso lokaci guda, ga sabunta biza a gaba. Ba komai, aiki na tafiya, ina samun ƙarin awoyi. Sanyi ne dai ya fara, nan gaba kaɗan ƙarfe huɗu duhu zai riƙa yi. Kada ka karanta wa Inna wannan wurin.

Sai Auta. An ce mini shi da abokansa suna ɗaukar babur su tafi dam ɗin Gubi wanka. Wa ya koya masa iyo? Nan da suke da alluna da shinge ko'ina ma gargaɗi suke ta yi a kan ruwa. Ka ja masa kunne, in bai ji ba ka karɓe wayar da na aiko masa, ni na ce. Kuma ina maimaitawa, kuɗin makaranta kada ya bi ta hannunsa.

Ka roƙar mini Inna gafara in ranta ya ɓaci, ta ci gaba da sa mini albarka. Hotunan na cire su. In an samu mai zuwa a aiko mini da kuka da daddawa da yaji, amma ban da kilishi, ƙwacewa suke a filin jirgi. Ina jiran rasit ɗin.

Naka,
Ƙaninka