Kira ga likitocin haƙori a Gadarif

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi kira ga likitocin haƙori na nan Gadarif, a ƙasar Sudan. In suka ga farin tabo a cikin leɓe ko gefen harshe, irin wanda ko an goge ba ya fita, galibi tumbak, wato garin tabar da ake cusawa a cikin leɓe, kawai suke tambaya. Tumbak kam ya yi mana illa. To aragi, wato giyar dabino, fa? Giya ma tana kawo kansar baki, in ta haɗu da taba haɗarin sai ya ninka. Kuma mai sha ba zai taɓa faɗa a gaban ɗan'uwan da ya rako shi ba. A sallami ɗan rakiya tukuna, a tambayi majiyyaci cikin sirri ba da faɗa ba, a taimaka masa ya rage sha, sannan a sa masa ranar da zai dawo a sake duba tabon.

Naku,
Wani mai karatu daga Gadarif