Barka da Sallah daga Italiya, da Amsar Maganar Keken Auta

Bassano del Grappa, 16 ga Yuni, 2024

Assalamu alaikum Baba da Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun yi Sallah lafiya. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya dawo da alhazanmu gida lafiya. Mu ma mun sauko daga idi da hantsi, a wani zaure da 'yan'uwa 'yan Maroko da Sanagal suka kama haya. Naman layya sai jibi zai iso, domin a nan ba a yanka a gida, sai a mahautar da hukuma ta amince da ita. Umma, a ba Auta rabona na soye, amma ya sani bashi ne.

Baba, saƙon Auta ya iso ni. Yana so a sayar da tsohon Ralenka, in cika masa kuɗi ya sayi keken tsere, irin wanda ake ɗagawa da yatsa biyu, mai giya 22. Tunda gyaran keke ne abincina, bari in ba shi amsa a gabanku, kada gobe a ce Yaya ya yi rowa.

Bana Sallah ta faɗo ranar Lahadi, ranar da mutanen garin nan ke fita da kekunansu. Muna dawowa daga idi suna wuce mu ayari-ayari, tsofaffi da furfura cikin matsattsun kaya, sun nufi dutsen Grappa. Tsayinsa mita 1,775, kuma ta hanyar ƙauyen Semonzo hawa ne na kilomita 18 babu sassauci. A watan jiya 'yan gasar Giro, babbar gasar tseren keke ta Italiya, suka hau shi sau biyu a yini ɗaya, wani ɗan tsere mai suna Pogačar ya lashe zangon. Tun daga ranar shagonmu bai huta ba, kowane dattijo yana so kekensa ya rage nauyi.

Sai kun ga yadda ake cinikin. Muna da ɗan sikeli a kan tebur, irin na masu sayar da gwal. Mutum zai ɗora abin riƙe gorar ruwa, ya sauke, ya ɗora wani, ya ga bambancin giram 20, ya biya kuɗin da zai sayi buhun shinkafa yana murmushi. Ana sauya sirdi, ana sauya kusoshi, wasu har robar da ke naɗe a kan keke sai sun auna. Hukumar tseren keke ta duniya ta sa doka tun shekarar 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, to wasu daga cikin masu zuwa wurinmu kekensu ya fi wannan sauƙi, ga shi ba gasar da suke shiga. Akwai keken da kuɗinsa ya haura Yuro 10,000. Kamfanin Shimano yana da kayan giya hawa-hawa, 105 da Ultegra da Dura-Ace, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe bambancin nauyin bai kai gora ɗaya cike da ruwa ba, kuɗin kuwa ya ninka.

Lissafin ba wuya. Abin da ƙafa ke turawa sama shi ne mutum da kekensa a haɗe. Mai kilo 90 a kan keken kilo 8, in ya rage kilo ɗaya, kashi ɗaya cikin ɗari ya rage. A hawan awa biyu, ribarsa ba ta wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Maigidana yakan kalli tumbin mutum ya kalli sikelin ya yi shiru, tunda ciniki ne ya kawo shi.

Abin da na ga yana sauya rayuwar mai keke da gaske shi ne haƙoran giya. Faifan gaba da na baya kowanne da yawan haƙoransa. In sarƙa tana kan 50 a gaba, 11 a baya, taka feda sau ɗaya zai kai ka mita 9 da rabi, amma sai mai ƙarfi ko a gangara. In ta koma 34 gaba 34 baya, mita 2 kacal za ka ci, ƙafa na juyawa a sake, gwiwa ba ta kuka. Ralen Baba yana tsakiya, wajen mita 5 da ɗoriya, shi ya sa yake daɗi a miƙaƙƙiyar hanya, in an zo tudu da kaya a kariya sai a sauka a tura. Tsofaffin nan sun tashi da 53 da 39 a gaba, 23 ko 25 a baya, kuma da yawansu suna ganin babban faifan baya abin kunya ne. Wani dattijo ya daɗe yana ƙi, sai da likita ya yi masa magana a kan gwiwarsa ya yarda na sa masa 34. Kekensa ya ɗan ƙara nauyi, amma ya dawo yana cewa bai sauke ƙafa ba har ƙoli. Kuɗin aikin bai kai na sirdinsa ba.

Da can ma wahalar ta fi haka. Labarin da suke bayarwa shi ne a 1927, a mashigin dutsen Croce d'Aune da ke nan kusa, sanyi ya daskarar da yatsun wani ɗan tsere, Tullio Campagnolo, ya kasa kwance noti ya juya tayar baya, wanda a lokacin ta haka ake sauya giya. Haushin abin ne ya sa ya ƙera maɓallin cire taya ba sai da sifana ba, ya kafa kamfaninsa a Vicenza a 1933.

Yanzu kai Auta, ka saurara. Daga gida zuwa makaranta ina tudun yake? Ƙurarmu da yashi da ƙaya su ne abokan faɗanka. Siririyar tayar tsere faci za ta riƙa kai ka, sarƙar giya 22 kuma siririya ce, ƙura na cinye ta da wuri, in ta tsinke mai gyaran bakin kasuwa ba shi da irinta. Ka nemi keken gwanjo mai jikin ƙarfe ko alminiyam, mai faifai 7 ko 8 a baya da taya mai kauri, wanda kayansa ke ko'ina. Ka duba firam kada ya zama an taɓa yi masa walda, ka juya tayoyin ka ga ba sa rawa. Kuma ka bar zuba wa sarƙa baƙin mai, yana kama yashi ya zama dutsen niƙa. Ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mai kaɗan, ka sake gogewa.

Kuɗin wannan zan turo ƙarshen wata ta hannun Yaya Babba, sarƙa biyu da robar birki kuma in ba wani mai zuwa gida bayan damina. Rale kuwa, Baba, don Allah kada a sayar. A sauya masa tub da sifok, zai kai ka gona shekaru masu yawa in sha Allahu.

A gaida Kaka da Gwaggo da Kawu da mutanen layi baki ɗaya, a ba yara goron Sallah a madadina. Umma, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku mai ƙaunarku