Kafin a shimfiɗa katako, a duba daɓe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi magana da masu gina sababbin gidaje a Damagaram, waɗanda suka fara ƙosawa da karo, wato tayil, suna son katako a ƙasan falo irin wanda suka gani a otal-otal na Yamai da Kano. Kuɗinsu ne, ba ni da ja. Amma ni magini ne, mu ake kira idan ƙasa ta fara kuka in an taka.

Karo yana rufa wa daɓe asiri, don kwaɓin da ake ɗora shi a kai yana cike kwari. Katako kuwa tonawa yake yi. Inda akwai rami a ƙarƙashinsa sai ya lotsa, bakin haɗinsa ya karye. Gwajin ba wuya: a kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 2 a wurare dabam-dabam, a leƙa ƙarƙashi. In ratar ta wuce milimita 3, da sauran aiki. Tudu a gurje shi da inji. Kwari a share ƙurarsa, a shafa maganin riƙo, a zuba simintin nan mai ruwa-ruwa da ke bazuwa da kansa. Kada a yarda yaron magini ya cike da kwali ko yashi, na sha ganin haka.

Babbar matsalar ita ce gaggawa. Siminti sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, bushewar cikinsa kuma ta fi haka daɗewa. A garin da ake sayen ruwa jarka-jarka, sau da yawa ba a shayar da daɓe yadda ya kamata, sai ya tsage, samansa ya riƙa marmashewa. Duk abin da aka zuba a kan irin wannan ɓamɓarewa zai yi. Alhaji mai gida, don ka san ko daɓen ya bushe, manna leda da salatif a ƙasa ta kwana. In ka ga gumi a cikinta da safe, ka dakata, ko da ranar tarewar amarya ta matso.

Sannan a bar ratar kamar milimita 10 a jikin bango, don katakon da ya tsuke da hunturu zai kumbura a watan Agusta. A kuma sa maganin gara tun daga tushen gini.

Wassalam.

Wani magini,
Unguwar Zango, Damagaram